Ka Sallame Ni, Ben

Ta ɗaga ludayi ta ɗiga pate a tafin hannunta, ta hura, ta lasa, sannan ta lumshe ido. Haka Jemimah take yi kowace safiya kafin ta yarda wani ya ci daga tukunyarta. Tsamin yakuwa ya fito, gauta ya saki ɗacinsa daidai gwargwado, gyaɗa ta kama jikin tsakin. Gishiri ne kawai take sakawa da ɗar-ɗar, tun da likita ya ja mata kunne. Ta gyaɗa kai ita kaɗai, ta buɗe ido, ta dubi bencinan rumfarta.

Babu kowa a kansu, hantsi kuwa ya riga ya dubi ludayi.

Masu keke-napep suna ta wucewa cikin jan taɓon da ruwan jiya ya bari, kowa yana danna hon, babu mai rage gudu. A tsallaken titi, a jikin benen da ke fuskantar rumfar, fuskarta ce rataye sau biyu a kan wata ƙatuwar fosta ta leda. A hoton farko ta cika zane, kumatu kamar an hura. A na biyu ta zube, wuya ya fito, tana murmushin da mai ɗaukar hoto ya roƙa. An rubuta kalma ɗaya da Turanci a saman kowanne: wannan da, wannan yanzu. A ƙasa kuma sunan gidan motsa jikin Ben ne da lambar wayarsa.

A Sabon Tasha ba a cika kiranta Jemimah ba, Maman Nicholas ake cewa. Daga wani ƙauye kusa da Zonkwa aka kawo ta Kaduna tana amarya, gidan Bitrus, wanda yake aiki a masaƙa a Kakuri. A lokacin jiniyar masaƙa ce agogon kowa a kudancin kogi. Da injuna suka fara yin shiru, albashi ya zama labari, sai ta ɗauki tukunya ta kafa murhu a bakin ƙofar masaƙar tana sayar wa abokan aikin mijinta pate. Da ƙofar ma ta yi shiru, ta ɗauke duwatsun murhunta ta dawo Sabon Tasha, kusa da inda masu keke suke jiran fasinja. Bitrus bai daɗe ba bayan haka. Mutum ne da ya saba da ƙarar inji, zaman gida ya cinye shi a hankali. Da wannan tukunyar ta binne shi, da ita ta kai ɗansu Nicholas makaranta har ya sami aiki a Abuja.

Ba ta taɓa rubuta suna a rumfarta ba. Jikinta ne allon. In baƙo ya sauka a tasha yana tambayar inda zai ci abinci, sai a nuna masa da baki a ce, "Ka ga matar can mai jiki? Je ka wurinta." Isiyaku, wani mai keke da ya fi kowa daɗewa a bencinta, yakan ce, "Mama, in mai abinci ta cika zane, tukunyarta ba ta ƙarya." Ita kuma ta ce, "Ci ka tashi, bakinka ya fi injin kekenka zafi."

Wata rana da azahar ta sunkuya za ta gyara itace, sai ƙasa ta juya mata. Ta farka a asibiti, hannunta ɗaure da abin awo. Likita ya ce hawan jini ne, ya ce a rage gishiri, a rage mai, a rage jiki. Nicholas ya iso daga Abuja idonsa jawur. Kafin ya koma ya tsallaka titi ya hau benen nan, ya yi mata rajista a gidan motsa jiki na shekara guda. Duk a waya aka yi. Shi ya danna abin da za a danna, daga asusunsa kuma ake cira duk wata. Ita dai an miƙa mata kati mai sunanta da takalmin kambas fari.

Ben, mai gidan motsa jikin, ba baƙo ba ne gare ta. Tun yana siririn saurayi yana koyon walda a bayan tasha yake cin patenta, wani lokaci safe da yamma. Uwarsa suna zumuntar mata tare a coci, benci ɗaya suke zama ranar Lahadi. Daga baya ya kama ɗaga ƙarfe, ƙirji ya buɗe, ya koma cin dafaffen ƙwai da ayaba, ya daina zuwa rumfar. Ba ta taɓa tambayarsa dalili ba. In ya wuce yakan ɗaga hannu ya ce, "Mama, ina gajiya?" ta ce, "Babu gajiya, ɗana."

Ta fara hawa benen da sassafe, kafin ta ɗora tukunya, zane ɗaure a kan wandon da Nicholas ya saya mata. Akwai wani inji da ake tafiya a kansa ba a zuwa ko'ina. Ranar farko ta ce wa Ben, "Yanzu wannan tafiyar da na yi, da a ƙasa ce ai na kai Kakuri na gaida masu gadi." Matan da ke wurin suka yi ta dariya. A ranar ce ya ɗauke ta hoto, ya ce don a riƙa ganin ci gaba.

Gaskiya abin ya karɓe ta. Numfashi ya dawo, gwiwoyi suka daina kuka, zanen da da ƙyar yake haɗuwa ya fara zagayowa har da saura. Bayan wasu watanni Ben ya sake ɗaukar ta hoto, ya ce, "Mama, yi murmushi." Ta yi. Bai ce mata komai ba sai da ta zo wata Litinin ta tarar da kanta a rataye.

Kiran farko daga ƙauye ya zo. Wani ya ɗauki fostar a waya ya tura, ta yi ta yawo har ta isa hannun wata gwaggonta da ba ta karatun Turanci. Tsohuwar ta san abu ɗaya: in aka buga hoton mutum biyu a babbar takarda aka kafa a bakin titi, to sanarwar jana'iza ce. Ta kira lambar Jemimah tana kuka, don ta yi wa Nicholas gaisuwa. Da ta ji muryar mamaciyar ta ce "Halo," sai ta saki wayar ta yi ihun sunan Yesu.

A ranar an yi dariya a rumfa. Amma dariyar ba ta kwana ba.

Masu keke ba su ɗauka ta mutu ba, tunda suna ganinta. Abin da suka gani shi ne abin da ido ya kasa lura da shi a hankali, yanzu an jera musu shi gefe da gefe: ga mace, ga abin da ya rage na macen. A unguwar da ake yi wa mutum barka in ya yi ƙiba, rama ba ta da fassara mai kyau. Bencin ya fara yin sauƙi. Mai zuwa kullum ya koma zuwa jefi-jefi. Mai cin kwano biyu ya ce ya ƙoshi. Pate kuwa ba ya kwana. Abin da ya rage da yamma sai ta ba masu kiwon alade.

Celina mai tumatir, maƙwabciyar rumfarta, ita ce ta fasa ƙwan. Ta matso da kujerarta, ta rage murya.

"Maman Nicholas, zan faɗa miki magana, kada ki riƙe ni."

"Faɗi mana. Yaushe kika fara neman izini?"

"Ana cewa ba ki da lafiya."

"Ai kowa ya san ina da hawan jini."

"Ba wannan ba." Celina ta dubi hagu da dama. "Wasu sun ce tari ne. Wasu sun ce ciwon nan ne da ba a kiran sunansa. Wai zuwa jim ɗin Ben ma dabara ce, don a ce motsa jiki ne ya ramar da ke. Wai ki duba wuyanki a hoton."

Jemimah ta daɗe tana juya ludayi a cikin tukunya ba tare da akwai abin juyawa ba. Ma'aikatan asibiti sun sha tsayawa a coci suna bayani cewa wancan ciwon ba ya bin kwano ko cokali. Amma tsoro ba ya zuwa coci.

"Wa ya fara faɗa?"

"Wa ke fara ruwa? Sai dai ki ji ya jiƙa ki."

Washegari ba ta hau injin ba. Ta sami Ben a bayan kanta yana duba waya, waƙa tana dukan bango.

"Ben, na zo ka cire ni."

"Daga ina, Mama?"

"Daga nan. Daga can waje ma. Na gode, na sami sauƙi, ya isa."

Ya ajiye wayar ya yi murmushi irin na masu sayar da kaya. "Haba Mama, ke ce fa tauraruwarmu. Tun da muka rataye ki mata suke zuwa daga Barnawa, daga Narayi, kowa cewa take a mai da ni kamar maman nan."

"Kai mata suna zuwa, ni maza suna gudu. Ka sauke ni."

"Ba haka ake yi ba, Mama. Rajistar ta shekara ce. Kuma a cikin sharuɗɗan akwai cewa za mu iya amfani da hoton mamba. Nicholas ya amince."

"Nicholas ne a hoton?"

"Shi ya yi rajistar. A tsarinmu wanda ya yi rajista shi kaɗai ne zai iya kansil, ya soke ta." Ya ga yadda fuskarta ta canja, sai ya sassauta. "Abin da zan iya yi miki, in kin gaji, sai mu yi firizin ɗinki na wata biyu."

"Ku yi me?"

"Firizin. A daskarar da rajistar, in kin huta ki dawo."

"Ni kifi ce?"

Wata mata da ke kan inji ta fashe da dariya, ta yi sauri ta rufe baki da tawul. Ben ma ya yi dariya, amma bai motsa daga inda yake ba. Jemimah ta sauko bene tana jin fostar tana kaɗawa a bayanta kamar tana yi mata gwalo.

Da yamma ta kira Nicholas. Ya saurare ta har ƙarshe, tana jin ƙarar motocin Abuja a bayansa.

"Mama, ba zan cire ki ba."

"Nicholas."

"Ni na gan ki a gadon asibiti, bakinki a karkace. Baba ya tafi, ke ma kina so ki bi shi saboda maganar masu keke? In sun ƙi ci su bari. Ni zan riƙa turo miki abin da za ki ci."

"Ka taɓa ganin na zauna ana ciyar da ni?"

"To ki fara koya. Kin yi aiki ya isa."

Ta san ƙauna ce take magana, shi ya sa abin ya fi zafi. Ta kashe wayar ta zauna a kan benci. Maza biyu ke nan, ɗaya ta haifa, ɗaya ta ciyar, kowanne yana riƙe da bakin igiya, ita kuma a tsakiya, kowa yana cewa don alherinta ne.

Celina ta ce ƙanwar mijinta tana aikin gwamnati, ta kuma gaya mata akwai hukumar da ke kare haƙƙin mai saye, ana kai ƙara a can kyauta. Ta ce mutum yana da ikon ya ce ya fasa, kuma ba a sayar da fuskar mutum sai da yardar bakinsa. "Ki je, Maman Nicholas. Takarda ɗaya za su aiko masa, za ki ga ƙirjin nan ya sace kamar taya."

Jemimah ta tambayi inda ofishin yake, ta riƙe a ka. Amma ta tuna uwar Ben, yadda take miƙo mata littafin waƙa in ta manta nata, da yadda ta kwana tare da ita a makokin Bitrus. Ta kuma san ko hukuma ta sauke fosta, ba za ta iya sauke magana daga bakin mutane ba. Ta ce, "Bari in ga."

Kwanaki suka wuce tana rage awon tsaki. Tukunyar da take ɗorawa babba ta koma ta tsakiya. Mai rumfar da take haya ya zo sau ɗaya ya tsaya yana kallon bencinan, ya ce akwai wata mai soya indomi da take tambayar wurin.

To, a safiyar nan da ta lasa paten ta tarar babu kowa, sai ga keken Isiyaku ya tsaya. Hankalinta ya ɗan kwanta. Ya shigo ya zauna a inda ya saba, ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

"Mama, ina kwana?"

"Lafiya lau, Isiyaku. Kwana biyu. Na ce ko kekenka ya koyi hanyar wani gida ne."

"Wallahi hidima ce, Mama."

Ta ɗauko kwano, ta nutsa ludayi. Sai ya ɗaga hannu.

"A'a, bar shi. Na karya a gida. Ruwan leda kawai za ki ba ni."

Ludayin ya tsaya a sama, pate yana ɗiga. Isiyaku bai taɓa karyawa a gida ba. Shi da bakinsa yakan ce matarsa ko ruwan zafi ta dafa sai ya ƙone. Ta dube shi, ya dubi ƙafafunsa. Ya zo ne don kunya, don kada a ce ya guje ta, amma cikinsa ya ƙi biyo shi.

Ta miƙa masa ruwan. Sannan ta ƙarasa cika kwanon, ta yayyafa yaji, ta rufe da faranti, ta ɗauki cokali ɗaya ta soke a ƙugun zaninta.

"Celina, duba mini wuta."

"Ina za ki da abinci?"

Ta tsallaka titi da kwanon a hannu biyu, kekuna suna kauce mata. Masu jiran fasinja a ƙarƙashin benen suka bi ta da ido. Ta bi ta ƙarƙashin fuskokinta biyu ta hau matakala.

Ɗakin a cike yake a wannan lokacin. Gabansa duk gilashi ne, wanda ke ƙasa yana iya hango na sama. Ben yana tsaye kusa da taga yana ƙirga wa wani mutum mai tumbi ɗaga ƙarfe. Ta wuce kanta, ta wuce injuna, ta ajiye kwanon a kan bencin da ake kwanciya a ɗaga ƙarfe, daidai jikin gilashin.

"Ben, kashe waƙar nan."

Wani abu a muryarta ya sa ya kashe. Injunan suka rage gudu ɗaya bayan ɗaya. Ta buɗe farantin, ƙamshin yakuwa da gyaɗa ya tashi ya danne warin zufa da roba.

"Mama, mene ne haka?"

"Pate ne. Ka manta kamanninsa?"

Ta zaro cokalin, ta ɗiba, ta kai bakinta, ta haɗiye a gaban kowa. Sannan ta sake ɗiba da cokalin nan, ta juya masa mariƙin.

"Ci."

"Mama, kin san ina kan tsarin abinci."

"Cokali ɗaya ba zai rushe wannan ƙirjin ba. Da shi aka kafa harsashinsa. Ci."

Ya miƙo hannu. Hannu ne da ke ɗaga ƙarfen da mutum biyu ba sa iya ɗagawa. Ya zo dab da cokalin, sai ya tsaya. Tsayawar ba ta fi ƙiftawar ido ba, amma kowa a ɗakin ya gan ta. Idonsa ya sauka kan bakin cokalin, inda leɓenta ya taɓa, ya koma kan wuyanta, ya dawo.

Jemimah ba ta zo da tabbacin zai ci ba. In ya janye hannun nan a gaban gilashi, masu keke suna kallo daga ƙasa, to ta rufe rumfarta da hannunta. Ta ƙara damƙe cokalin.

"Kai ma ka ji maganar da ake yi a kaina, ke nan," ta ce a hankali.

Ya kawar da kai, ta ci gaba.

"Kai ne kake ɗora ni a sikeli. Kai ka san inda naman nan ya tafi, a kan injinka ya narke, kana tsaye kana tafa mini. Kai da ka sani, hannunka ya tsaya. To mai keke fa, da bai san komai ba sai abin da ka rataya masa?"

Mutumin mai tumbi ya ajiye ƙarfensa a hankali don kada ya yi ƙara. A ƙasa an daina danna hon. Ta gefen ido ta hango Isiyaku a bakin rumfa, ledar ruwa a hannu, kai a sama.

Ben ya karɓi cokalin ya sa a baki.

Ya tauna, ya haɗiye. Ya tsaya kamar mai sauraron wani abu daga nesa. Sannan ya zauna a kan bencin, ya ɗauki kwanon ya ɗora a cinya, ya ci gaba da ci, kansa a sunkuye. Sai ƙarar cokali a jikin kwano. Zufa ta tsattsafo masa a goshi.

"Mama," ya ce, "yajin nan bai canja ba."

"Gishirin ne ya ragu."

Wata ta yi 'yar dariya, wasu suka saki numfashi. Amma Jemimah ba ta gama ba. Ta tsaya a kansa har ya kankare gindin kwanon.

"Ben, shekara nawa ka yi kana ci a rumfata?"

"Da yawa, Mama."

"Ranar da ka ga ƙwai ya fi maka, ka daina zuwa, na tare ka a hanya? Na ce sai uwarka ta zo ta sa hannu kafin ka daina? Na ce zan daskarar maka da kwano?"

"A'a, Mama."

"Na zana ƙasusuwanka na da a jikin rumfa na ce ku zo ku ga abin da patena ya gina?"

Ya girgiza kai.

"A kasuwa in ciniki ya ƙare, mai kaya yakan ce na sallama. Kowa ya kama gabansa, gobe a gaisa. Ka yi mini aiki, na ji daɗinsa, ban ce ka cuce ni a injinka ba. Amma na ce ya isa. Ka sallame ni, Ben."

"Nicholas fa, Mama? Shi ne..."

"Nicholas ya biya. Ƙafafun nawa ne, fuskar tawa ce. Ba a gaban idona ya amince ba, ba kuma da bakina ba. Tsakanina da ɗana ni zan ji da shi. Zan riƙa takowa daga gidana a Unguwar Boro da ƙafa kowace safiya, in kira shi ya ji numfashina. Kai dai ka daina taɓa asusunsa da sunana." Ta ɗan tsagaita. "An kwatanta mini ofishin da ake kai irin wannan magana. Ban je ba, don ni da uwarka littafin waƙa ɗaya muke kallo. Amma na riƙe kwatancen."

Ben ya ajiye kwanon. Ya dubi matan da suka zo daga Barnawa da Narayi saboda hoton, suna tsaye da tawul a wuya suna jiran abin da zai ce. Ya dubi fostar, wadda daga ciki bayanta kawai ake gani, fari fat, inuwar kawuna biyu tana motsi a jikinsa. Ya kashe kuɗi a kanta, ta kuma kawo masa mutane. Ya daɗe yana kallon fostar har Jemimah ta fara tunanin ko pate kawai ta yi asara.

Sai ya tashi ya je bayan kanta, ya dawo da almakashi. Ya tura taga ya leƙa da rabin jikinsa waje. Igiyar farko ta tsinke, fostar ta karkace, fuskar da ta rame ta naɗe ta shige ƙarƙashin mai kumatu. Ya yanke ta biyu. Ledar ta sulale ta faɗi a kan rufin wani keke, aka ji ihu da dariya daga ƙasa.

Ya juyo, almakashin a hannu.

"Na sallame ki, Mama. Yau zan tsayar da cirar. Ki yi haƙuri."

Ta kwance bakin zaninta ta ciro katin mai sunanta, ta ajiye a kan benci kusa da kwanon. Ya sunkuya zai ɗauko mata kwanon, ta ɗaga hannu.

"Bar shi. Kai za ka sauko da shi da kanka, ka tsallaka titi, ka zauna a bencina a zuba maka na biyu. Wannan kuwa za ka biya."

"To, Mama."

Ta zare cokalinta daga cikin kwanon, ta goge da gefen zane, ta mai da shi ƙugu. Ta ja zanin ta ƙara ɗaure shi, ya zagayo har da saura. Matan suka buɗa mata hanya tsakanin injuna. A bakin ƙofa ta tuna ta bar tukunya a kan wuta, Celina kuwa ba ta iya juya pate ba, sai ta ɗaga ƙafa, farin kambas ɗin ya yi 'yar ƙara a kan tayil, ta fita.